Yashi Ɗan Gida Ne, Ƙura Ce Baƙuwa

Duk wanda ya taɓa cin hunturu a Gashuwa ko a Nguru ba ya bukatar a ba shi labarin ƙura. Tun daga watan Nuwamba har zuwa Maris, akan wayi gari a tarar rana ta yi fari fat, har mutum ya iya kallonta ido da ido. Wanda ya tsaya a unguwar Katuzu ya miƙa dubansa nesa, sai ya ga hazo ya haɗiye itatuwan da ya saba gani. Matan gida su wanke kwanuka da safe, kafin azahar sun yi furu-furu kamar ba a taɓa su ba. Idan kuma bazara ta zo ƙarshe, sai wata wahalar dabam ta kunno kai. Iskar gaban hadari ta taso daga gabas, ta kwaso yashi ta binne geron da bai fi kwana goma da tsirowa ba, manomi ya shiga neman iri karo na biyu, wani lokaci har na uku.

Galibin mutane su kan yi wa abubuwan nan biyu kuɗin goro, su ce ai hamada ce ta ke tahowa, kuma babu mai iya tare hamada. Wannan magana tana kashe gwiwa, sa'an nan kuma rabinta ne kawai gaskiya. Masana ilmin fiziks sun shafe kusan shekaru 200 suna binciken yadda ƙananan ƙwayoyi su ke tafiya a cikin ruwa da iska. Abin da suka gano ya nuna cewa ƙurar hunturu da yashin da ke binne gona asalinsu dabam, tafiyarsu dabam, saboda haka maganinsu ma dabam ne. Kafin mai karatu ya ga dalili, sai ya yi haƙuri a fara daga tushe.

RAWAR DA BA TA ƘAREWA

A shekarar 1827 wani masanin tsirrai mutumin Sikotlan, mai suna Robert Brown, ya zuba garin fure a cikin ɗigon ruwa, irin garin nan da manomi ke kira bununi a jikin kan gero, ya duba da madubin ƙara girma. Sai ya ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da suka fito daga cikin garin suna ta karkarwa, su yi nan su yi can, ba hutawa. Da farko an zaci alamar rai ce. Don ya tabbatar, sai ya niƙa gilashi da duwatsu iri-iri, har da ɓallin dutse daga jikin shahararren gunkin nan na Masar mai jikin zaki da kan mutum, ya zuba a ruwa. Su ma suka kama rawar. Ashe ba rai ne ke motsa su ba. Brown ya rasu a 1858 ba tare da ya san dalilin ba.

Sai a 1905 Albert Einstein, a lokacin yana ɗan shekara 26 kuma ƙaramin ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern a Suwizalan, ya warware matsalar da lissafi. Bayaninsa shi ne, ruwa ko da ya kwanta a cikin ƙwarya babu mai taɓa shi, ba a zaune ya ke ba. Ya ƙunshi ƙwayoyin zarra waɗanda ido ba ya gani, madubin ma ba ya gani, kuma kullum a guje su ke, gwargwadon zafin ruwan gwargwadon saurinsu. Su ne ke ta bugun ƙwayar garin ta kowane ɓangare. A wannan ƙiftawar bugun dama ya ɗan rinjayi na hagu, sai ta gusa hagu. A ta gaba na baya ya rinjayi na gaba, sai ta gusa gaba. Kamar dai ƙwallon da ya faɗa tsakiyar yara ɗari, kowa na kai masa shuri.

Einstein ya lissafa cewa ƙwayar da faɗinta ya kai maikiron ɗaya, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita, za ta gusa kimanin maikiron 6 a cikin minti guda. Don a gane ƙanƙantar abin, kaurin gashin kan mutum ya kan kai maikiron 70 ko kusa da haka. Daga 1908 wani Bafaranshe, Jean Perrin, ya zauna da madubinsa yana auna gusawar irin waɗannan ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya tarar lissafin daidai ne. Aikin nan ne ya rufe bakin masanan da ke musun samuwar zarra, kuma shi ya sa aka ba Perrin lambar yabo ta Nobel a 1926.

LISSAFIN MAI ƊIMUWA

Dokar da ta fito daga wannan bincike ana iya fahimtarta ba tare da allo da alli ba. A ɗauka ɗimuwa ta kama mutum a daji cikin duhun dare, duk taku ɗaya da ya yi sai ya manta inda ya fuskanta, ya juya wani wajen haka kawai. Bayan taku 100, ina ya ke? Babu mai iya cewa gabas ya yi ko yamma. Amma da za a saki mutum dubu irinsa daga gindin kuka ɗaya, aka bi aka auna, sai a tarar nisansu daga kukar, idan an daidaita, kimanin taku 10 ne kacal. Bayan taku 10,000, nisan kimanin taku 100 ne. Watau in ana son nisan ya ninka sau biyu, sai lokacin ya ninka sau huɗu; in ana son ya ninka sau goma, sai lokacin ya ninka sau ɗari.

Akwai darasi biyu a nan. Na farko, ƙwaya ɗaya ba ta da tabbas, amma taron ƙwayoyi yana da doka wadda ba ta saɓawa. Na biyu, tafiyar ɗimuwa ba ta cin nisa. Ƙwayoyin iska suna gudun kusan mita 500 a daƙiƙa, amma saboda karon da su ke yi da juna sau biliyoyi a kowace daƙiƙa, da a ce iskar ɗaki za ta tsaya cik, da ƙanshin turaren wuta sai ya yi kwanaki kafin ya tashi daga wannan kusurwa ya isa waccan. Abin da ke kawo shi hanci nan da nan shi ne motsin iskar ɗakin. Haka kuma sukarin da ya kwanta a gindin kofi: mai shayi ba ya jiran ya hau da kansa, sai ya yi ta juye shayin daga wannan kofi zuwa wancan.

To, a sake komawa ga mai ɗimuwa. A ce yanzu akwai iska mai ɗan tura shi ta baya, ta yadda a cikin kowane taku goma ya kan sami ribar taku ɗaya zuwa yamma. Bayan taku 100, turin ya kai shi taku 10, ɗimuwar ma taku 10, babu mai iya lura da cewa ana tura shi. Bayan taku 10,000, turin ya kai shi taku 1,000, ɗimuwa kuwa 100. Bayan taku miliyan ɗaya, turin ya kai shi taku 100,000, ɗimuwa tana 1,000. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya. Ɗimuwa aikinta warwatsawa, kora kuwa aikinta kai kaya nesa, kuma komai ƙanƙantar kora, in ta daɗe ita ke yin rinjaye. Da wannan doka guda ce a ke lissafa tafiyar lantarki a cikin waya, da tafiyar takin zamani a cikin ruwan ƙasa, da ta laka a cikin kogin Komadugu Yobe.

TAFIYAR ƘURA

Iskar da ke kaɗawa a bisa ƙasa ba ta tafiya a miƙe. Wanda ya lura da hayaƙin masu bandar kifi a bakin kogi zai ga yana murɗewa, ya yi sama ya dawo ƙasa, alhali dukansa yana bin inda iska ta nufa. A 1921 wani masani na Ingila, G. I. Taylor, ya nuna cewa wannan murɗe-murɗen iska yana yi wa ƙura abin da ƙwayoyin zarra ke yi wa garin fure, sai dai da ƙarfin da ya fi nasu nesa ba kusa ba. Murɗawar ita ce ɗimuwa, iskar hunturu ita ce kora.

Abin da ke jayayya da su shi ne nauyi. Tun 1851 George Stokes ya fitar da lissafin saurin faɗuwar ƙaramar ƙwaya: in an rage faɗinta da rabi, saurin faɗuwarta ya kan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwayar yashi mai faɗin kashi ɗaya cikin biyar na milimita tana faɗowa fiye da mita ɗaya a daƙiƙa, don haka ba ta daɗewa a sama. Ƙwayar ƙura mai maikiron 10 kuwa ba ta cika santimita ɗaya a daƙiƙa ba. In iska ta ɗaga ta tsayin kilomita 2, sai ta yi kusan kwana uku kafin ta sauko, ko da iskar ta kwanta. Mai maikiron ɗaya sai ta fi wata shida, in ruwan sama bai wanko ta ba.

Kwana uku a bayan iska tafiya ce mai nisa. Babban tushen hazon da ke rufe arewacin Nijeriya shi ne wani kwari mai suna Bodele a arewacin ƙasar Cadi, kusan kilomita 900 arewa maso gabas da Gashuwa, wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya fitar da ƙura. Kwarin nan gindin tsohon tafki ne. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce faɗin Tafkin Cadi ya yi kusan daidai da na Tekun Kasfiya na yau, tudun da ya bi ta Maiduguri da Bama ma tsohon gaɓarsa ne. Kwalekwalen nan na Dufuna, wanda aka gano a 1987 a ƙasar Fune ta Jihar Yobe kuma aka ƙiyasta shekarunsa kimanin 8,000, shaida ne na zamanin da ruwa ya yalwata a yankin. Da tafkin ya janye, sai ya bar wata farar ƙasa mara nauyi, wadda ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka taru. Iskar arewa maso gabas ta kan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar ruwan da ya shiga ƙunƙuntar magudana, ta fito da ƙarfi ta faɗa kan farar ƙasar nan. Hakan na faruwa kimanin kwana ɗari a shekara. Iskar da ke gudun kilomita 35 zuwa 40 a awa tana cinye nisan da ke tsakanin Bodele da Gashuwa a cikin yini ɗaya da dare ɗaya. Shi ya sa tun zamanin Turawa masu duban yanayi su ke sa ido kan rahoton garin Faya na Cadi, don su gargaɗi filin jirgin saman Kano.

Ƙurar Sahara ba ta tsayawa a Afirka. A 2015 masana na hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, sun ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke fita daga Sahara ta yamma a kowace shekara, kuma tan miliyan 27.7 daga ciki yana sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, ɗauke da kimanin tan 22,000 na sinadarin fosfaras, wanda taki ne ga itatuwan can. Gonakin ƙasar Hausa da Barno su ma suna samun rabonsu, domin ƙurar da ke sauka kowane hunturu tana ƙara wa ƙasa sinadaran da shuka ke bukata.

Cutarta kuma sananniya ce. Ƙwayar da ba ta kai maikiron 10 ba tana iya wuce hanci, wadda ba ta kai biyu da rabi ba tana kaiwa can cikin huhu, mafi ƙanƙanta kuwa rawar nan da Brown ya gani ce ke kai su su manne a bangon huhu. Lokacin hazo da bushewar iska ne kuma lokacin sanƙarau, cutar da ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya a 1996. Baƙuwar da ta sauko daga tsayin kilomita 2 babu shingen da zai tare ta. Abin yi game da ita shi ne rufe hanci da baki, rufe abinci da ruwan sha, kare yara da tsofaffi da masu asma a ranar da hazo ya yi kauri, da karɓar allurar rigakafin sanƙarau.

TAFIYAR YASHI

Labarin yashi dabam ne, kuma wanda ya fi kowa bayyana shi wani sojan Ingila ne, Ralph Bagnold, wanda ya yi shekaru yana ratsa hamadar Masar da Libiya a mota tun daga ƙarshen shekarun 1920. Da ya koma Landan sai ya ƙera wani dogon akwati, ya shimfiɗa yashi a ciki, yana hura masa iska yana aunawa. Littafin da ya fitar a 1941 har yau shi ne tushen wannan fanni, har ma an raɗa wa waɗansu tulin yashi na duniyar Mars sunansa.

Bagnold ya gano cewa yashi ba ya shawagi kamar ƙura, tsalle ya ke yi. Iska ta ɗaga ƙwaya, ta ba ta gudu, nauyinta ya dawo da ita ƙasa bayan ɗan taƙi, ta faɗa kan 'yan'uwanta ta fantsamar da su, su ma su tashi. Inda kowace ƙwaya za ta faɗa, da ko guda nawa za ta tayar, babu mai iya faɗa. Amma jimlarsu tana bin iska sau da ƙafa. Kimanin kashi uku cikin huɗu na yashin da ke tafiya ta hanyar tsalle ya ke yi. Ragowar manyan ƙwayoyi ne masu jan ciki, waɗanda iska ba ta iya ɗagawa, sai dai masu tsallen su yi ta bugunsu suna gusawa. Ƙwaya mai tsalle tana iya gusar da wadda ta ninka ta faɗi sau shida.

Abubuwa huɗu daga binciken nan sun shafi kowane manomi. Na ɗaya, galibin yashin da ke tafiya ba ya wuce gwiwar mutum, da wuya ya kai ƙirji. Shi ya sa gindin katangar ƙasa ke zaizayewa ya bar samanta, shi ya sa kuma ɗan gero mai tsawon yatsa ke shan dukan da babbar bishiya ba ta ji. Na biyu, akwai iyaka: busasshen yashi ba ya motsi sai iskar da ke kusa da ƙasa ta kai gudun kimanin kilomita 18 a awa. Ƙasa da haka, ko ƙwaya ɗaya ba ta tashi. Na uku, da zarar an wuce iyakar, yawan yashin da ke tafiya yana hauhawa fiye da yadda hankali zai zata. In gudun iska ya ninka sau biyu, yashin ya kan ninka kimanin sau takwas. Juya lissafin kuma abin farin ciki ne: in an rage gudun iska da kashi ɗaya cikin biyar kawai, yashin ya ragu da kusan rabi, in an rage shi da rabi, sai yashin ya koma kashi ɗaya cikin takwas ko ya tsaya gaba ɗaya. Na huɗu, lallausar ƙasa ba ta tashi da kanta cikin sauƙi. Bagnold ya lura cewa garin siminti da aka shimfiɗa sumul ya kan zauna daram a cikin iskar da ke kwashe yashi, domin ƙwayoyinsa suna manne da juna. Sai yashi mai tsalle ya buge ta, ko kofaton dabba ko tayar mota ya farfasa ta, sa'an nan ta tashi. Lallausar ƙasar nan kuwa ita ce mai riƙe taki da danshi. Gonar da yashi ke tsalle a cikinta, albarkarta ce ke tafiya a sama.

DAGA INA YASHIN YA FITO?

Abin da ke tafiya da tsalle ba ya zuwa daga nesa. Tulin yashi ya kan gusa 'yan mitoci ne ko 'yan gomiya na mitoci a shekara, ƙarami ya fi babba sauri. Ko da a ce yana cin mita 20 a shekara, kilomita ɗaya sai ya ɗauke shi shekara 50, nisan Bodele kuwa shekara 45,000. Ke nan tulin yashin da ke matsa wa dausayoyin Tulo-Tulowa da Kaska da Bulatura a ƙasar Yusufari ba jiya ya taso daga tsakiyar Sahara ba.

Gardamar nan tsohuwa ce. A 1935 wani malamin ilmin gandun daji na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya yi kururuwar cewa Sahara na tahowa za ta cinye arewacin Nijeriya. Gwamnatocin Ingila da Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa, wanda ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937, bai sami shaidar cewa hamada na tahowa kamar runduna ba, amma ya ga ɓarnar sare itatuwa. A 1958 A. T. Grove na Jami'ar Kambirij ya bayyana cewa ƙasar da ta tashi daga gabashin Kano zuwa Barno shimfiɗe ta ke a kan tsofaffin tulin yashi, waɗanda suka taru a wani zamanin fari dubban shekaru da suka wuce, daga baya ruwa ya dawo ciyawa da itatuwa suka ɗaure su. Su ne jigayin da Jihar Jigawa ta samo sunanta daga gare su, kuma a tsakaninsu ne ruwan Haɗejiya ke malala ya yi fadamun Haɗejiya da Nguru. Hotunan tauraron ɗan'adam da aka yi nazarinsu a 1991 sun ƙara nuna cewa bakin Sahara ya kan matso kudu a shekarun fari, ya koma arewa idan damina ta yi kyau.

Ma'anar wannan ita ce yashin yana nan ƙarƙashin ƙafar mutane tun fil azal, a ɗaure. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun kashe ciyawa da itatuwa masu yawa, yawan jama'a da na dabbobi ya ƙaru, gatari ya bi ragowar. Duk inda murfin nan ya yage, sai iska ta sami abin ɗauka. Da ɗan gari akan ci gari. Yashin da ya binne gonar mutum, galibi daga gonar maƙwabcinsa ta gabas ya taso, ko daga burtali, ko daga filin da ke kewaye da rijiyar shayar da dabbobi.

ABIN DA LISSAFIN YA KE NUNAWA A YI

Tun da yashi a ƙasa-ƙasa ya ke tafiya, kuma ragin gudun iska kaɗan na rage shi da yawa, maganinsa ba ya bukatar abin da ya fi ƙarfin talaka. An gwada a ƙasar Nijar, mai irin wannan ƙasa da irin wannan iska. A tashar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, an tarar cewa barin karan gero tan biyu a kwance a kan kowace hekta ya rage yashin da ke tafiya da kusan rabi. A kwarin Majiya na jihar Tawa, tun daga 1975 aka fara dasa darbejiya layi bibbiyu, tsakanin kowane jeri da na gaba mita 100, kuma awon da aka yi daga baya ya nuna amfanin gero ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A ƙasar Maraɗi, daga 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, tare da manoma suka raya dabarar da a ke kira sassaben zamani, watau barin tohon kututturen sabara da kalgo da gawo ya girma maimakon a sare shi lokacin sharar gona. An ƙiyasta cewa dabarar ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A ƙasar Gure da Maine-Sorowa, can ƙetaren iyakar Yobe, ana ɗaure tulin yashi da shingayen kaba da rassan itace da a ke kafawa gida-gida kamar gurbin dara, sa'an nan a shuka ciyawa da itace a cikin gidajen.

Akwai ƙa'idojin da ya kamata a kiyaye. Jerin itatuwa yana kare filin da ke bayansa har nisan da ya ninka tsayinsa sau goma, wani lokaci fiye. Shinge mai ɗan huji, irin darni ko zana mara matsi, ya fi katanga aiki, domin katanga tana sa iska ta haura ta faɗo bayanta da murɗawa mai ƙarfi, alhali shinge mai kusan rabin jikinsa a buɗe yana tace ta ya rage mata gudu. Dole kuma shingen ya gitta hanyar iska, watau ya tare gabas da arewa maso gabas. Tulin yashi kuwa daga bayansa a ke fara ɗaure shi, wajen da iska ke bugowa, ba daga goshin da ke zubowa kan gidaje ba.

Ba a ce abin ba shi da tsada ba. Manomin Bade ko na Machina da ya kwashe karan gonarsa ƙaf ba wauta ce ta sa shi ba: kara abincin dabba ne, makamashi ne, darni ne, kuma kuɗi ne a kasuwa. Matar da ta sari itace ba ta da wani abin girkin. Saboda haka duk shirin da ya tsaya ga wa'azi, bai samar wa mutane abin girki da abincin dabba ba, ba zai je ko'ina ba. Amma lissafin Bagnold ya sauƙaƙa ciniki, domin ba a bukatar a bar karan duka. Layi biyu ko uku a gefen gabas, da ɗan abin da aka kwantar a inda ƙasa ta fi sako-sako, da gamba a kan iyaka, sun isa su canza lissafin. In maƙwabta goma suka yi tare, kowa ya zama garkuwar na yammacinsa.

Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Nijeriya kuma ta kafa hukumarsa a 2015 domin jihohi 11 na arewa, har da Yobe. Ya kamata a riƙa auna nasarar irin wannan shiri da yawan itatuwan da suka rayu bayan shekara uku da yawan yashin da ya daina tsalle, maimakon yawan dashen da aka yi ranar biki. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, tana zaune a tsakiyar wannan babban ɗakin gwaji. Tarkon auna yashi ɗan akwatin ƙarfe ne wanda maƙerin gari zai iya ƙerawa, kuma ɗalibai za su iya kafa shi a gonakin Gashuwa da Nguru da Yusufari, su gaya wa manoma da alƙaluma wane irin shinge ya fi aiki a ƙasarsu. Hakimai da dagatai kuwa su ne za su iya sasanta manomi da makiyayi a kan karan da aka bari da gangan, don kada a cinye shi kafin bazara.

Lokacin wannan aiki shi ne daga girbi zuwa watan Afrilu, tun ba a yi sharar gona an cinna wa kara wuta ba. Wanda ya jira sai hadarin farko ya haɗo a gabas, ya makara da shekara guda.